Cunkoso da Faɗuwar Hada-hada a Bulokcen: Gyara a Kan Maƙalar da Kuka Buga

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan maƙalar da kuka buga kwanakin baya game da kuɗin kirifto, wato kuɗaɗen intanet irin su Bitcoin, wadda samarinmu na Zangon Kumasi suka yi ta tura wa juna a waya har ta iso hannuna. Ni tsohon malamin lissafi ne da ya ajiye alli, kuma ban taɓa sayen Bitcoin ko na pesewa ɗaya ba. Abin da ya jawo ni cikin wannan magana shi ne ɗan ƙanwata, wanda yake sayar da gilashin waya da batura a Adum, yake kuma biyan masu aiko masa kaya daga Sin da USDT, kuɗin intanet ɗin nan da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka. Ya koma wannan hanya ne a shekarar 2022, lokacin da sidi, kuɗin Gana, ya zube, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, kuma tun daga lokacin ni ne nake duba masa littafin cinikinsa a ƙarshen kowane wata.

Marubucin maƙalar ya ce gwargwadon yadda hada-hada ta yawaita a kan bulokcen, gwargwadon yadda waɗanda suke faɗuwa, wato ba su kammalu ba, suke ƙaruwa, ya kuma kafa hujja da abin da ya faru a Solana, ɗaya daga cikin hanyoyin bulokcen, a farkon watan Afrilun 2024, inda alƙaluman da aka tattara a dandalin Dune suka nuna cewa kusan kashi 75 cikin ɗari na hada-hadar masu amfani da hanyar ta faɗi. Ban musanta adadin ba, an ruwaito shi haka a lokacin. Abin da nake jayayya a kai shi ne hukuncin da ya ɗora a kansa, wato wai duk wanda ya aika kuɗi sau huɗu a wannan mako sau ɗaya kawai za su isa. Wannan fassara ba daidai ba ce, kuma kuskurenta yana da illa ta fuska biyu, domin tana tsorata mutane da abin da bai shafe su sosai ba, tana kuma rufe musu ido daga wanda zai iya cinye musu jari.

Ga mai karatun da bai saba da batun ba, bulokcen kundi ne wanda dubban kwamfutoci a ƙasashe daban-daban suke riƙe da kwafinsa, ana ƙara masa shafi bayan shafi, kowane shafi kuma yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. A Bitcoin ana rufe shafi ɗaya a kusan kowane minti goma, abin da ya sa hanyar ba ta wuce hada-hada bakwai ko makamancin haka a daƙiƙa guda. A Ethereum, tun daga watan Satumban 2022, daƙiƙa goma sha biyu ce tsakanin shafi da shafi. A Solana bai kai rabin daƙiƙa ba. Tun da fili a ƙayyade yake, ranar da masu neman shiga suka fi ƙarfin shafin dole wani ya rasa wuri. A nan muka yarda da marubucin. Inda muka rabu shi ne abin da yake samun wanda ya rasa wurin, domin kowace hanya da irin yadda take sallamarsa, kuma ba duka ake rubutawa a littafin faɗuwa ba.

A Bitcoin, alal misali, da wuya ka ga hada-hadar da aka rubuta cewa ta faɗi. Wadda kuɗin aikenta ya yi kaɗan takan zauna ne a zauren jira, kamar fasinjan da ya tsaya a tashar Kejetia da yamma yana kallon motocin Tafo suna cika suna tashi, masu haƙa, wato masu kwamfutocin da suke rubuta shafuka, kuma suna zaɓen waɗanda suka fi biya. A watan Disamban 2017 matsakaicin kuɗin aike ya haura dala hamsin. A watan Mayun 2023, lokacin da aka shiga rububin rubuta hotuna da sababbin kuɗaɗe a cikin shafukan Bitcoin, masu jira sun haura dubu ɗari huɗu, har Binance, kasuwar musayar kirifto, ta dakatar da cire Bitcoin sau biyu cikin kwana guda. Duk da haka, wanda ya duba adadin faɗuwa a waɗannan ranaku zai ga kusan sifili ne, alhali akwai mutanen da kuɗinsu suka kwana uku a hanya, akwai kuma waɗanda kwamfutocin suka share nasu daga zauren bayan mako biyu, kamar ba su taɓa aikawa ba. Da adadin faɗuwa kaɗai za mu auna, da mun ce Bitcoin ba ta san cunkoso ba, kuma duk wanda ya taɓa jiran kuɗinsa ya san ba haka abin yake ba.

Ethereum tana da nata salon, kuma shi ne ya fi ciwo a aljihu. A can hada-hada tana iya shiga shafi, kwamfutocin su fara aiwatar da ita, sai a tarar da wani sharaɗi bai cika ba, a warware komai a mayar da shi yadda yake, amma kuɗin aikin da ake kira gas ya riga ya ƙone, ba a mayarwa. Tun daga gyaran watan Agustan 2021, tushen farashin gas yakan ƙaru da kashi goma sha biyu da rabi cikin ɗari duk lokacin da shafi ya cika maƙil. Malamin lissafi ba ya iya ganin irin wannan adadi ya wuce bai gwada shi ba: idan shafuka shida suka cika a jere farashin ya ninka, kuma shafuka shida ba su wuce minti ɗaya da daƙiƙa goma sha biyu ba. Saboda haka mutumin da ya ga farashi, ya tsaya amsa sallamar maƙwabci, ya dawo ya danna, yana iya tarar da cewa abin da ya ware ba ya isa. To amma a lura, aike na kai tsaye daga lalita zuwa lalita, wato asusun da mutum yake ajiye kirifto a ciki, wanda yake cin gas dubu ashirin da ɗaya daidai, kusan ba ya faɗuwa komai cunkoso, sai dai ya yi tsada ko ya jinkirta. Masu faɗuwa su ne waɗanda suke tsere kan abu guda, kamar musayar wani kuɗi da farashinsa yake motsi kowace daƙiƙa, ko sayen kayan da aka ƙayyade adadinsa.

Akwai dare guda da nake ganin ya ishe mu darasi, kuma mutanen Gana ba za su manta da shi ba saboda wani dalili na daban. Daren 30 ga Afrilu wayewar 1 ga Mayun 2022 ne, a kwanakin ƙarshe na azumi, ranar da harajin E-levy ya fara aiki a kan kuɗin momo, wato kuɗin da ake turawa ta waya. Muna nan muna ta mahawara a ƙofar masallaci bayan asham kan kashi ɗaya da rabi da za a riƙa yanka, ashe a wannan daren kamfanin Yuga Labs yana sayar da filayen wata duniyar kwamfuta mai suna Otherside a kan Ethereum, filaye dubu hamsin da biyar, masu so kuma sun fi ƙarfin filayen. An ƙona fiye da dala miliyan ɗari da hamsin a gas kaɗai, dubban mutane suka biya ba su samu fili ba, daga baya kamfanin ya mayar wa waɗanda nasu ya faɗi kuɗin gas ɗinsu. A cikin wannan dare kuma, manhajoji masu sarrafa kansu, waɗanda samari suke kira bot, suka yi wa Solana ruwan buƙatu miliyoyi a kowace daƙiƙa suna neman sayen hotunan da ake fitarwa, har hanyar ta tsaya cak na kusan awa bakwai. Taron iri ɗaya ne, kowa yana son ƙofa guda a lokaci guda, amma a Ethereum ya fito a matsayin tsada da asarar gas, a Solana kuwa ya fito a matsayin ɗaukewar hanya baki ɗaya. A cikin awa bakwai ɗin nan babu hada-hada ko ɗaya da aka rubuta cewa ta faɗi, tun da babu shafin da aka rubuta.

Yanzu in dawo kan kashi 75 ɗin da marubucin ya dogara da shi. A Solana kuɗin aike na asali ɗan kaɗan ne ƙwarai, kashi biyar ne cikin miliyan na SOL ɗaya, wato kuɗin hanyar. Idan gwaji ya yi arha haka, mai bot ba ya asarar komai idan ya aika buƙata ɗari yana fatan guda ta dace. Yawancinsu masu farautar ɗan bambancin farashi ne tsakanin kasuwa da kasuwa, kuma sukan ɗaure buƙatarsu da sharaɗin cewa idan ribar ta gushe a soke cinikin. Idan hamsin suka yi tsere kan riba guda, ɗaya ne zai ci, arba'in da tara kuma a rubuta sun faɗi, alhali hanyar ta yi daidai abin da suka umarce ta. Bari in kawo misalin da na ƙirƙira don allo kawai, ba alƙaluman gaske ba ne. A ce cikin buƙatu ɗari, tamanin na bot ne, saba'in da biyu daga ciki suka faɗi, ashirin kuma na mutane ne, uku suka faɗi. Jimillar faɗuwa saba'in da biyar ce cikin ɗari, amma a wajen mutane uku ne cikin ashirin, wato kashi goma sha biyar. Adadi ɗaya ya haɗa jama'a biyu da ba su da alaƙa, kamar a haɗa yaran da suke jifan mangwaro da mai saye a faifai a ce kashi kaza na masu neman mangwaro sun koma hannu wofi.

Kada a ɗauka ina wanke Solana ne, domin a wannan mako mutane sun sha wuya ƙwarai, sai dai wuyarsu ba ta cikin kashi 75 ɗin. Buƙatu sun yi yawa har kwamfutar da take da alhakin rubuta shafi ta riƙa zubar da wasu tun daga bakin ƙofa, ba tare da tantance na mutum da na bot ba. Buƙatar da aka zubar haka ba ta shiga kundi, ba a cire mata kuɗi, ba ta kuma bar sawu, bayan kamar minti ɗaya wa'adinta ya ƙare, mai ita ya ga saƙon cewa bai yiwu ba. Babu allon ƙididdiga irin na Dune da zai ƙirga ta, domin allunan daga kundin suke ɗebo alƙaluma. Injiniyoyin hanyar sun amsa cewa matsalar tana ɓangaren karɓar saƙonni, suka kuma fitar da gyara a tsakiyar watan. Wato abin da jaridu suka yi ta yayatawa yawancinsa hayaniyar bot ce, abin da ya hana talaka aika kuɗinsa kuwa ba a ma iya auna shi daga waje ba. Haka kuma idan wani ya zo yana alfahari da cewa hanyar tana ɗaukar dubban hada-hada a daƙiƙa, ya kamata a tambaye shi ko ya cire ƙuri'un da masu tantancewa suke jefa wa junansu don amincewa da shafuka, domin a Solana su ma ana ƙirga su a matsayin hada-hada, kuma suna da yawa ainun.

Akwai wani ɓangare da maƙalar ba ta taɓo ba, wanda ni a ganina shi ne gishirin maganar. Dangantakar yawa da matsala ba miƙaƙƙen layi ba ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Denmak mai suna Erlang, wanda ya yi aiki da kamfanin tarho na birnin Kofanhagen, shi ya fara lissafin layin jira a 1909, kuma abin da aka gina a kan aikinsa yana aiki a banki da asibiti da bulokcen. A mafi sauƙin lissafin, inda taga ɗaya ce kuma mutane suna zuwa ba bisa tsari ba, idan ana amfani da rabin ƙarfin tagar za ka tarar da mutum ɗaya a matsakaici, idan aka kai kashi 90 za ka tarar da tara, idan aka kai kashi 99 sai ka tarar da casa'in da tara. Ma'ana hada-hada tana iya ninkawa daga kashi 30 zuwa 60 babu wanda ya ji a jikinsa, sannan ƙarin ɗan kaɗan a kusa da baki ya birkita komai. Duk wanda yake bin titin Aboabo zuwa Kejetia ya san haka ba tare da ya karanta Erlang ba, domin motocin ƙarfe shida na safe da na ƙarfe bakwai bambancinsu ba shi da yawa, amma tafiyar minti goma takan koma ta awa guda.

Sannan kuma abin yana tafiya ta ɓangarori biyu. Marubucin ya ɗauka yawa ne yake haifar da faɗuwa, bai lura cewa faɗuwa ma tana haifar da yawa ba. Wanda nasa ya faɗi yakan sake dannawa, bot kuma yakan sake aikawa sau goma maimakon ɗaya, sai adadin buƙatu ya kumbura ba tare da masu ciniki sun ƙaru ba. Ranar 14 ga Satumban 2021, lokacin da aka buɗe sayar da wani sabon kuɗi, buƙatun da suka afka wa Solana sun kai dubu ɗari huɗu a daƙiƙa, hanyar ta tsaya kusan awa goma sha bakwai, kuma babu mai hankalin da zai ce mutane dubu ɗari huɗu ne suke zaune suna danna waya a kowace daƙiƙa. Idan ka ga layi biyu a takarda suna hawa tare, na yawa da na faɗuwa, ba ka san wanne ne ya ja ɗan'uwansa ba sai ka bincika. Wani lokacin ma babu ruwan cunkoso, kamar tsayawar kusan awa biyar da hanyar ta yi ranar 6 ga Fabrairun 2024, wadda kuskure ne a cikin manhaja ya jawo ta.

Na ga wannan sake dannawa da idona, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wata rana bayan la'asar na biya ta shagon yaron nan a Adum, na tarar da shi ya jingina da akwatin gilashin da yake jera kaya, waya biyu a gabansa, ɗaya tana nuna wata ƙaramar da'ira tana juyawa, ɗayar kuma wakilin mai kaya yana ta aiko da saƙon murya yana cewa za a rufe kwantena. Ya ce mini, "Kawu, kuɗin sun fita daga wajena amma ba su isa wajensa ba, awa biyu ke nan." Na ce masa ya yi haƙuri ya jira, ban kuma san abin da nake faɗa ba, haƙurin tsofaffi ne kawai. Bai jira ba. Ya sake rubuta adireshin, ya sake sa adadin, ya ƙara kuɗin aike, ya danna. Can cikin dare da hanyar ta yi sauƙi, na farko ya wuce, na biyu ma ya bi bayansa, ya biya kuɗin kaya ɗaya sau biyu. Allah ya sa mai kayan mutumin kirki ne, ya lissafa masa rarar a kan kaya na gaba, amma jarin yaron ya yi mako uku a ɗaure, a daidai lokacin da kasuwa take ci. A littafin kowane mai ƙididdiga, abin da ya faru a wannan rana nasara biyu ce, faɗuwa babu. Sau ɗaya tak da hada-hadarsa ta faɗi a rubuce kuwa, ranar Lahadi ce da safe hanya fayau, kuma dalilin shi ne ɗan kuɗin da ake biyan aikin hanyar da shi ya ƙare a lalitarsa bai lura ba.

Saboda haka ina ba marubucin shawara, cikin girmamawa, idan zai sake kawo irin wannan adadi ya gaya mana wace hanya ce, wace rana ce, me aka ƙirga a matsayin faɗuwa, daga cikin wace jimilla, ko an ware na bot, kuma ko aike ne na kai tsaye ko musaya. Ga ɗan kasuwar da yake biyan kaya, tambayoyin da suka shafe shi ba su da yawa: minti nawa kuɗi suke ɗauka yau kafin su tabbata, nawa ne kuɗin aike a wannan sa'a, kuma idan suka maƙale yaya ake maye gurbin na farko da wani maimakon a aika sabo. Lalitoci da yawa suna da maɓallin hanzartawa ko sokewa, wanda yake ɗora sabon farashi a kan tsohuwar buƙata, kuma da yaron nan ya san da shi da bai shiga abin da ya shiga ba. Kowace hada-hada tana da lambar shaida da ake iya dubawa a shafin binciken kundin, kuma da ita ya kamata a tura wa mai kaya idan ya matsa, domin ya ga da idonsa cewa kuɗin suna layi.

Babban Bankin Gana ya fitar da daftarin ƙa'idojin kadarorin intanet a watan Agustan 2024, kuma tun da hukuma ta sa hannu a lamarin, ina ganin akwai abin da ya dace a nema daga kamfanonin da suke hada-hadar kirifto da mutanenmu. Su ne suke iya ganin buƙatar da ta fita daga wayar mutum ba ta isa kundi ba, su ne kuma suka san tsawon jiran kowane abokin ciniki. Idan aka wajabta musu bayyana waɗannan biyun lokaci-lokaci, ga kowace hanya daban, mai saye zai samu abin da zai auna da shi wanda ya fi kashi 75 ɗin nan amfani. Zan kuma so a riƙa rubuta gargaɗin da yake fitowa a waya lokacin cunkoso da harshen da mai shago zai gane, domin yawancin samarin da nake gani a Alabar da Asawase suna danna amincewa ne ba tare da sun karanta ba.

Idan marubucin yana da alƙaluman da suka ware aike na kai tsaye daga na masu tsere a wancan mako na Afrilu, ina roƙon ya buga su a wannan shafi, zan zauna in bi su ɗaya bayan ɗaya da fensir, kuma idan suka nuna ni ne na yi kuskure zan sake rubuto muku in faɗa.

Wassalam.

Naku,
Mai karatunku, tsohon malamin lissafi,
Aboabo, Kumasi.